Ɗan Yaya Baiwa

Matameye, watan Cika-ciki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga ƙanwarki Salamatu zuwa ga Yaya Baiwa a Daura, gaisuwa da so da yarda. Ina gajiya, ina ƙafar nan taki mai tashi da damina, yaya maigidanki da yara? In kuna lafiya, mu ma da sauran numfashinmu, alhamdu lillahi.

Bayan haka, Sallau mai kanwa ne zai kawo miki wannan. Ya ce Nasara sun rufe babbar hanya saboda ciwon nan, amma jaki bai san iyaka ba, ta daji zai bi. Ki ba shi ruwa ya sha, in da hali ki ba shi amsa.

Ban sani ba ko murar nan ta iso ku. Mu nan da kaka ta shigo mana. Mutum zai kwana lafiya, ya tashi da ciwon kai da tari, kafin a gama dafa masa citta an tafi haƙa. Kasuwa ta daina ci. Gero ya nuna a gona babu mai yanka, tsuntsaye ne ke girbi. Likkafani ya ƙare a gari, yanzu da tabarma ake naɗewa. Ba na so in ƙara a kan abin da idona ya gani, shi ya sa zan tsaya nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗanki ya dawo. An rufe lakwal, makarantar Nasara ta Damagaram, an ce yara kowa ya nemi gidansu, ya taho a ƙasa. Yaya, ya yi tsawo, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ya durƙusa bakin ƙofata ya gaishe ni, na amsa ina kallon ƙwaryar da ke hannuna, kamar kullum. Ke ce uwarsa tun ranar yaye da kika goya shi kika fita da shi daga ɗakina. Ni kuwa ɗana na fari ne, bakina bai taɓa riƙe sunansa ba. Amma takarda ba ta da ido, don haka ke zan gaya wa: na ji daɗi har na zubar da ruwan da ke ƙwaryar.

Kin tuna shekarar da aure ya kai ki Daura ya komo gidan ubansa, aka ce sarkin Kance ya ba da yara lakwal, hannu ya faɗa kansa? Mun yi kuka kamar an yi mutuwa. To, ga abin da ya fito ciki. Wai Nasara sun buɗe wata makaranta can yamma mai nisa, inda ake koya wa baƙar fata aikin likita, kuma mutum ɗaya tak za a ɗauka a duk ƙasar Damagaram. Bayan girbi za a tara su a yi musu jarrabawa. Ina madafa na ji yana gaya wa ubansa. Maigida ya ce in dai aikin warkar da bayin Allah ne, ya yarda.

Yanzu kullum yana bayan rumbu da wani littafi mai hoton mutum ba fata. Ƙanwarsa Sa'a ta leƙa sau ɗaya, ta fito da gudu tana salati. In ya ajiye littafin sai ya ɗaure hanci da ƙyalle ya shiga gidajen da ciwo ya kwantar da kowa, ya ɗebo musu ruwa, ya tafasa, ya yaye asabari iska ta shiga. Maƙwabciyata Uwa tana leƙowa ta kan darni tana ce masa likitan bana, ba allura sai tukunya, wai ko Buzu ya koma ne da ya rufe baki. Murmushi kawai yake yi. Ni kuwa in ya fita ba na iya zama har ya dawo, amma ban hana shi ba.

Ki sa shi a addu'a, addu'arki ta fi tawa hujja a kansa. Ki gaida maigidanki da yara. Sa'a tana gaishe ki. Wassalam.

Ƙanwarki,
Salamatu


Matameye, watan Safar

Zuwa ga Yaya Baiwa, gaisuwa da fatan alheri. Ina kwananki, yaya jikin mutanen gida? Amsarki ta iso, na ji ke ma kin kwanta kin tashi, Allah ya ƙara sauƙi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, maigida ya rasu. Ranar Alhamis ya dawo daga jana'iza yana cewa bayansa na sara, ranar Lahadi aka kai shi. Ɗanki ne ya yi jinyarsa, shi ya riƙe masa kai, shi ya zuba ruwa liman na wanka. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Ni na shiga takaba, na ajiye kwalli da turare, ina zaune a ɗaki da ƙur'anin Babanmu. Ki yafe masa in akwai abin da ya shiga tsakaninku, yana ganin girmanki ƙwarai.

Ban so in haɗa wannan da wata magana ba, sai dai Sallau ba kullum yake tafiya ba. Saƙo ya zo daga Damagaram cewa an fasa jarrabawa. Wai ba za a tara yara ɗaki ɗaya suna yi wa juna tari ba. Ni da na ji, har na yi hamdala a zuciyata, na ce Allah ya raba shi da tafiya cikin annoba. Sai na ga ya bar tuwonsa ya bushe a akushi.

Ta bakin Sa'a na san dalili, don kin san ita ce ƙofar da ke tsakaninmu. Ya ce mata ranar jarrabawa kowa da takardarsa da kansa, ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Yanzu kuwa an ce za a duba lambobin da mushe, malaminsu na lakwal, yake ba su a kan kowane karatu, abin da suke kira noti. A lissafi da sanin jikin mutum ba wanda ya kamo shi. Amma a maganar Faransanci ana rage masa, saboda muryarsa ba ta fita, kuma in babba na magana ba ya ɗaga kai. Wannan kuwa na san inda ya gado shi. Akwai wani yaro Alasan, ɗan Alhaji Shekara na Birnin Damagaram, wanda ya tashi cikin kantin Nasara, bakinsa kamar nasu. In aka haɗa lambobin, wai shi da ɗanki kunnen doki suke.

Da mushe na raye da ya raba gardama, don ya san wanda ya fi. To shi ma murar ta ɗauke shi, bai kai ga rubuta lambobin ƙarshe ba. Allah ya jiƙansa, an ce ba musulmi ba ne, amma yana raba abincinsa da yara. Ban san ko ya halatta in ce haka ba, na dai rubuta, Allah ya san nufina.

Abin da suka yanke shi ne, likitan Nasara da ke yawon duba garuruwa zai tsaya gidan kowane yaro cikin biyun, ya gan shi, ya ji daga bakin iyayensa irin halinsa, da kuma ko sun yarda ya tafi. Da maigida na nan da wannan ba abin damuwa ba ne, ya iya zama da baƙi. Yanzu an ce ni za a tambaya. Ban taɓa magana da Nasara ba. Ina roƙon Allah ya sa mini abin faɗa.

Ki gaida kowa da kowa. Ki yi masa sadaka ko da gumba ce. Wassalam.

Taki,
Salamatu


Matameye, watan Gani

Yaya Baiwa, gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙarfi ya dawo miki, yara kuma suna lafiya. Ki gafarce ni da gajerar gaisuwa, ina da buƙata gare ki wadda ba ta jira.

Likita ya zo, kuma bai tashi zuwa ba sai ranar sadakar arba'in ta maigida. Gida cike yake. Dangin mijina daga Tsauni, matan unguwa, kowace da nata rashin. Uwa tana gefena, ita da ta binne 'ya'ya maza biyu a wata guda, ta daina ba'a ta daina dariya. Da hantsi aka ce ga Nasara a kan doki da gardi, mai tsaronsa, a bayansa. Aka shimfiɗa masa a zaure, ni aka zaunar da ni bayan zana, mata suka taru a bayana, maza suna jin komai daga waje. Ɗanki yana tsaye jikin bango.

Kada in zalunci mutumin. Ta tsagar zana na ga idanunsa ja wur don rashin barci, shi ma yana tari. Ya duba harshen Sa'a kafin ya zauna. Tafintansa wani tsohon soja ne mutumin yamma, a bariki ya tsinci Hausa, yana jin maganarmu amma bai san zamanmu ba.

Tambayar farko, wai wannan yaro ɗana ne? Yaya, me mace za ta ce a gaban surukanta? Na ce ɗan Yaya Baiwa ne. Duk wanda ke gidan ya san abin da nake nufi, har wata tsohuwa ta ce madalla da kunya. Tafinta ya juya ya faɗa wa likita, na ga alƙalaminsa ya motsa.

Sai aka ce in faɗi sunansa. Na yi shiru. Aka sake tambaya, na sake yin shiru, har wani ƙanen maigida ya faɗa daga waje. Alƙalami ya sake motsawa.

Sai aka ce yaya halinsa, yana da ƙwazo, yana da tausayi? Allah shi ne shaida, amsar tana cike da bakina. Na so in ce shi ya ɗebo wa rabin unguwar nan ruwa lokacin da 'yan'uwa ke gudun 'yan'uwa. Amma ga Uwa kafaɗarta na taɓa tawa. Yaya zan buɗe baki in yabi ɗa rayayye a gaban matan da ƙasar kabarin nasu ba ta bushe ba? Kuma na ji tsoron baki, a shekarar da mutuwa ke bin gida gida kamar mai neman wanda aka nuna mata. Na ce yaro ne dai, ba a rasa shi da ƙuruciya, sai abin da Allah ya yi. Na jira wata cikin matan ta karɓe ta yabe shi, kamar yadda ake yi, amma kowa tsoron Nasara ya rufe mata baki.

Ta ƙarshe, wai na yarda ya tafi? Na sunkuyar da kai na ce ba ni da ta cewa, mai shi tana Daura. A wurinmu ai wannan yarda ce. Wace uwa ce za ta ce a tafi da ɗanta da baki buɗe, kamar mai neman kai da shi?

Nan ɗanki ya yi magana da Faransanci, a hankali, kansa a ƙasa. Likita ya ɗaga masa hannu. Daga baya Sa'a ta jiyo daga bakin ɗanki ta kawo mini abin da likitan ya ce. Wai sun gaji da abin da sarakuna ke yi musu, a ɓoye ɗan gida a turo ɗan wani da sunan uban da ba nasa ba. Wai ga mace ta ce ba ita ta haife shi ba, ba ta san sunansa ba, ba ta ga abin yabo gare shi ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Maigari ya so ya sa baki, likita ya ce shaidar masu sarauta ce ma ba ya so. Ya ce abu biyu ne: ko ni in je Damagaram in tsaya gabansa in warware maganata, ko matar da na ambata ta aiko takarda da hatimin alƙali, kafin watan nan ya mutu.

Da gida ya watse na aika wa Malam Ɗan'azumi tambaya. Ya ce mai takaba tana fita da rana don lalura, amma a ɗakin mijinta za ta kwana. Damagaram kuwa ba tafiyar yini ba ce. Na kwana ina juya abin, da gari ya waye na ɗaure ƙunshina na ajiye bakin ƙofa, na ce Allah Mai gafara ne. Ɗanki ya shigo gaisuwa ya gani. Ya ɗauka, ya kwance, ya mayar da zanen kan jere, ya fita. Sai ya aiko Sa'a ta ce mini, wai ba za a ce matar ubansa ta bar takaba saboda shi ba. Na kuwa zauna, Yaya. Har yanzu ban sani ba, don Allah na zauna ko don na sami wanda ya hana ni.

Saboda haka ina roƙonki don darajar iyayenmu. Ki sa a kai ki wurin alƙali ko a kan jaki ne. Ki ce ni na haife shi, ke kika goya, ubansa ya yarda kafin ya rasu, mu biyu mun yarda. Ki faɗi sunansa da ƙarfi, ki yabe shi yadda kika iya, ke ba mai hana ki. Ki ba Sallau, ya yi alkawari ba zai tsaya cinikin kanwa ba.

Ki gaida maigidanki, ki roƙe shi ya raka ki. Wassalam.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Salamatu


Matameye, watan Jimada na farko

Zuwa ga Yaya Baiwa, gaisuwa da godiya da neman gafara. Ina gajiyar hanya, ina ƙafa? An gaya mini sai da aka riƙe ki kafin ki sauka daga jaki a ƙofar alƙali. Allah ya saka miki da Aljanna. Mu nan ciwo ya ja baya, kasuwa ta fara ci, sai dai rumfuna da yawa babu masu su.

Na daɗe ban rubuto ba don ban san ta inda zan fara ba. Takardarki ta zo, amma wata ya riga ya mutu. Ba laifin Sallau ba ne, murar ce ta kama shi a hanya, ya kwanta a wata ruga, Fulani suka yi jinyarsa. Ya iso kamar kara, yana ba ni haƙuri yana hawaye, har ni na koma ba shi haƙuri. Kafin ɗanki ya tafi da ita na sa an karanta mini, don Larabcin alƙali ya fi ƙarfina. Na ji duk abin da kika faɗa a kansa. Ba ki ƙara ko kalma ɗaya ba, haka yake.

Ya kai ta Damagaram a ƙasa. Likita ya karɓa, ya sa an fassara masa, an ce ya daɗe yana riƙe da goshinsa. Sai ya ce an riga an buga sunan Alasan ta waya, yaron ma ya kama hanya da ayari. Ɗanki ya tambaya ko baɗi in an dawo da jarrabawa. Aka duba shekarun da mushe ya ƙiyasta masa tun ran da aka kai shi lakwal, aka ce kafin baɗi ya wuce shekarun da ake ɗauka.

Ba na riƙe da Alasan a zuciyata. Ɗan wani ne shi ma, an ce uwarsa ta rasu a wannan ciwo, ubansa ne ya tsaya gaban likita ya yabe shi har da rantsuwa. Allah ya ba shi sa'a ya warkar da mutane. Mata suna zuwa suna ce mini rabo ne, abin da ba naka ba ko yana bakinka sai ya faɗi. Na sani, na kuma yi imani. Dangin maigida kuwa har yau suna yabona, wai na nuna tarbiyya a gaban Nasara. Wannan yabon ya fi zagi zafi. Uwa kaɗai ce ta shigo ta zauna ta ce mini, da ta san don ita na yi shiru, da ta tashi ta faɗa da kanta, ai ɗanki ne ya rufe wa ƙaraminta ido. Muka yi kuka tare har la'asar.

Likita ya ce abin da ke hannunsa ɗaya ne. Yana neman mai wanke kwalabe da riƙe tasa a ɗakin magani na Damagaram, ba karatu, ba takardar shaida. Na zaci ɗanki zai ƙi. Ya karɓa. Ya ce wa Sa'a ko daga bakin ƙofa ne zai riƙa gani.

Ya dawo ɗaukar kayansa, ya kwana uku. A kwanakin nan na yi niyya, Yaya. Na ce ranar tafiya zan kira shi da sunansa, in gaya masa abin da ban gaya wa Nasara ba, in abin kunya ne ya ƙare a kaina. Har na gwada sunan a bakina ina niƙa, ƙarar dutse tana rufe shi. Na yi masa dakuwa da garin fura, na ɗaure a sabon ƙyalle.

Da safe ya zo. Ba suruki, ba baƙo, ba kowa a gidan sai Sa'a tana shara. Ya durƙusa inda ya saba durƙusawa. Na miƙa guzurin, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah ya tsare hanya. Ya ce amin. Ya ɗan jira, ni ma na jira. Sai ya tambaya yaushe Sallau zai koma Daura. Na ce jibi. Ya ce to, in zan rubuta, in gaya wa uwarsa ya tafi, ta yafe masa wahalar da ta sha.

Da ladabi ya faɗa, muryarsa ƙasa ƙasa, ba don ya soke ni ba. Abin da na koya masa ne, abin da kuma na faɗa a gaban gari. Sa'a ko ɗaga kai ba ta yi daga shararta ba.

Ki gaida maigidanki, ki yi masa godiyar rakiya. Ki gaida yara. Saƙo amana ne, ga shi na isar: Yaya, ɗanki ya tafi, yana neman ki yafe masa. Wassalam.

Ƙanwarki,
Salamatu